Farfaɗo da tsofaffin baburan jeji: A mayar da su asalinsu ko a yi musu kwaskwarima?

A gidajen tsofaffin ma'aikata da ke Barnawa da Narayi da Kakuri, a kudancin Kogin Kaduna, ba abin mamaki ba ne a tarar da wani dogon babur jingine a bayan ɗaki, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, tayoyinsa sun sace, tankinsa ya yi tsatsa. Galibi babur ne da maigidan ya yi aikin malamin gona ko na duba-gari da shi shekaru talatin ko arba'in da suka wuce. Idan magada suka zo kansa, wani zai ce a kira 'yan gwangwan su auna shi a kilo, wani kuma ya ce a tayar da shi. To, wanda ya zaɓi tayar da shi zai ci karo da tambayar da masu sha'awar tsofaffin babura a duniya suka daɗe suna muhawara a kai: shin za a mayar da babur ɗin yadda ya fito daga kamfani, ko za a sauya masa wasu sassa da na zamani domin ya fi daɗin hawa?

Daga filin tsere zuwa gona

Tseren babura a kan turɓaya da tuddai da kwazazzabai, wanda ake kira motokuros, ya samo asali ne daga Ingila, inda aka yi gasar farko da aka sani a garin Camberley a 1924. Hukumar wasannin babura ta duniya, FIM, ta mayar da shi gasar cin kofin duniya a 1957. Kamfanonin Turai ne suka riƙe kambun har zuwa 1970, lokacin da Joel Robert ɗan ƙasar Beljiyam ya ci gasar ajin cc 250 a kan Suzuki, aka kuma buɗe wa Japan ƙofa. A 1973 Honda ya fito da CR250M Elsinore, mai injin bugu biyu, wanda nauyinsa bai kai kilo 100 ba. Yamaha kuwa ya shigo da shokazoba guda ɗaya a baya a maimakon biyu, tsarin da ya sauya ƙirar baburan tsere daga tsakiyar shekarun 1970.

Babur ɗin tsere zalla ba shi da fitila, ba shi da sigina, ba shi da mazaunin lamba, don haka ba a yi shi domin titi ba. Abin da ya cika ƙasar Hausa shi ne 'yan uwansa na jini, wato baburan da aka ƙera su iya titi su kuma iya jeji. Kakansu shi ne Yamaha DT-1 na 1968. Daga zuriyarsa aka samu DT125 da DT175, sai Suzuki TS125 da TS185, da Honda XL125 da XL185 masu injin bugu huɗu. Akwai kuma Yamaha AG100 da ya fito a 1973 domin manoma da makiyaya, mai rufaffiyar sarƙa da manyan kariyoyi gaba da baya. Ana gane su duka da tsawon ƙafa, da madigadin gaba da ya ɗaga sama, da salansar da aka bi da ita ta sama don kada ta bugi dutse ko ta sha ruwa, da tayoyi masu gwatso-gwatso.

Abubuwa biyu suka haɗu a 1975 suka yawaita babura a tsohuwar Jihar Kaduna. Na farko shi ne ƙarin albashin Udoji da aka biya ma'aikata haɗe da ariyas, wanda da yawa suka kai shi kantin babur da na rediyo. Na biyu shi ne shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, wanda daga baya aka faɗaɗa irinsa zuwa jihohi. Malamin gona da zai zagaya ƙauyuka da damina yana bukatar abin hawan da ba ya tsoron laka, haka ma'aikacin dabbobi da na rigakafi da mai gadin daji. Mutanen Nijar kuwa sun ga waɗannan babura a wata siffa dabam: gasar Paris zuwa Dakar ta farko, wadda aka kammala a Janairun 1979, ta ratsa Agadas da Yamai, kuma Bafaranshe Cyril Neveu ne ya lashe ta a kan Yamaha XT500.

Daga baya tattalin arziki ya juya. Bayan shirin SAP na 1986 kayan gyaran Japan suka yi tsada, sannan baburan China irin su Jincheng, daga bisani kuma Bajaj na Indiya, suka mamaye kasuwa da araha. Tsofaffin baburan suka koma bayan ɗaki ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa saboda wani ɗan ƙaramin abu, kamar kwayil ko fistan, da aka nema aka rasa.

Abin da ake nufi da asali

Masu ra'ayin asali suna son babur ya koma kamar ranar da aka kwance shi daga kwali: launin fenti iri ɗaya, zanen tanki iri ɗaya, kafireta da salansa da fitila duk na kamfanin da ya ƙera shi, har da irin kusoshin. Ƙungiyar FIVA, wadda ke kula da al'amuran tsofaffin ababen hawa a duniya, tana ɗaukar abin hawa a matsayin na tarihi idan ya kai shekara 30, yana nan a kan siffarsa ta tarihi, kuma ba shi ne ake zirga-zirgar yau da kullum da shi ba. A Birtaniya, tun 2018, abin hawan da ya haura shekara 40 ba ya bukatar gwajin lafiyar shekara-shekara, muddin ba a yi masa babban sauyi ba a cikin shekaru 30 da suka gabata. A Amurka ma ƙungiyar AHRMA mai shirya tseren tsofaffin babura ta taƙaita motsin shokazoba a ajin baburan 1974 zuwa baya ga inci bakwai a gaba da inci huɗu a baya, domin kada wani ya sa kayan zamani ya cuci abokan karawarsa.

Cikin masu ra'ayin asalin ma akwai ɓangare biyu. Wasu suna kwance babur gaba ɗaya su sake fenti da goge ƙarfe har ya riƙa ƙyalli. Wasu kuma suna ganin fentin kamfani, ko da ya koɗe, ya fi sabon fenti daraja, domin sau ɗaya kawai kamfani ke yin sa; su abin da suke yi shi ne su wanke, su tsayar da tsatsa, su gyara inji, su bar babur da tabonsa. Babur ɗin da har yanzu yake ɗauke da tambarin ma'aikatar da ta raba shi a jikin tanki ya cancanci irin wannan kulawa, domin tambarin nan shaida ce ta wani zamani na aikin gwamnati a karkara, kuma minti goma mai fenti zai yi ya shafe shi har abada.

Matsalar asali a Kaduna ita ce kaya. Wanda ke Barnawa zai fara da makanikan unguwa, ya tsallaka gada zuwa Panteka, inda ake samun na hannu kuma ake ƙera abin da aka rasa, daga nan sai a aika Kano ko kasuwar Nkwo da ke Nnewi a Jihar Anambra, cibiyar kayan babur ta ƙasa. Abin da ya gagara nan sai an yi odarsa ta intanet da Dala, ga kuɗin dako ga na kwastan, alhali canjin Dala ya haura Naira 1,500 a farkon 2024. Mai DT125 ko DT175 ko AG100 yana da ɗan sauƙi, domin Yamaha ya ci gaba da ƙera su domin kasuwannin Afirka da Kudancin Amurka shekaru da dama. Sai dai a yi hattara: suna ɗaya ba ya nufin kaya ɗaya. DT175 mai shokazoba biyu na farkon shekarun 1970 dabam yake da mai shokazoba ɗaya da ya biyo baya a 1978. Lambar shasi da ta inji ake bi wajen sayen kaya, ba sunan da ke jikin tanki ba, domin tanki ana musanya shi.

Kwaskwarimar da ke da hujja

Ba kowane sauyi ne ɓarna ba. Tsofaffin baburan nan da yawa suna amfani da fuloti wajen ba fulogi wuta, wasu 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa suna rufewa, waɗanda ke cinyewa kuma suke bukatar saiti a kai a kai. Makanikan da suka ƙware da saita su suna ta raguwa, domin yaran da suka koyi aiki a kan Bajaj ba su taɓa ganin su ba. Sauya su da na'urar CDI yana sa babur ya riƙa tashi da kik ɗaya ko biyu, kuma sauyi ne da ke ɓoye a bayan murfin inji, ido ba ya ganinsa. Haka ma mayar da wutar babur daga bolt 6 zuwa 12: batir da ƙwan fitila na bolt 6 sun yi wuyar samu, haskensu kuma bai wuce na aci-balbal ba a titin da ke da ramuka.

Akwai abubuwan da ko mai tsananin ra'ayin asali bai kamata ya yi jayayya a kansu ba. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. Tun shekarar 2000 ana buga lambobi huɗu a gefenta da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Wadda aka ga lambobi uku kacal a jikinta ta girmi wannan ƙarni, wurinta bango ne, ba titi ba. Takalmin birki ma haka: gam ɗin da ya riƙe fatarsa yana sakin jiki da daɗewa, fatar ta ɓalle ta cije ƙafa ana cikin tafiya. Tsofaffin fatun birki da yawa suna ɗauke da asbestos mai illa ga huhu, saboda haka ba a hure ƙurarsu da baki ko da iskar famfo, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa. Wayoyin birki da na kuloci da na totur, da tiyon mai, duk sababbi ake sawa.

Ƙa'idar da ta fi dacewa a nan mai sauƙi ce: duk sauyin da za a iya warware shi da sifana a mayar da na da, ba laifi, matuƙar an adana tsohon kayan a kwali an rubuta sunansa a jiki. Wanda sai an sa zarto ko wutar walda, a tsaya a yi tunani sau biyu.

Inda ake yin ɓarna

Babbar kwaskwarimar da aka fi yi a garejinmu ita ce a cire injin asali a dasa na China mai cc 150 ko 200, irin waɗanda aka kwaikwayo daga Honda CG125 na 1975. Hujjar a fili take: injin yana da araha, kayansa suna ko'ina, ba ya shan mai kamar mai bugu biyu, abin da ya ƙara nauyi tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. A shasin Honda XL aikin ba ya bukatar yanka mai yawa. A shasin DT ko TS kuwa, wanda aka ƙera domin ƙaramin inji marar nauyi, sai an yanke mazaunin inji an yi sabuwar walda, wani lokaci har a datse bututun ƙasa. Daga ranar ya daina zama DT, ya zama babur ɗin China mai sanye da rigar Yamaha. Idan kuma sifoketin gaba bai daidaita da na baya ba, sarƙa za ta yi ta cinyewa tana faɗuwa. Mai wannan rubutu yana ganin wanda abin hawan zuwa aiki kawai yake nema gara ya sayi babur na zamani, ya bar tsohon ga wanda zai iya ɗawainiyarsa.

Sai batun famfon mai. Injin bugu biyu ba shi da baƙin mai a ƙasan fistan kamar mai bugu huɗu; man da ke shafe shi yana shiga ne tare da fetur ya ƙone, shi ya sa yake hayaƙi. Yamaha ya fito da tsarin Autolube a 1964, famfon da ke auna man da kansa daga wani ƙaramin tanki, Suzuki kuma yana da nasa mai suna CCI. Makanikai da yawa ba su yarda da tsohon famfo ba, sai su cire shi su ce a riƙa zuba man 2T a cikin tanki. A kan Yamaha hakan yana yiwuwa, idan mai babur zai kiyaye ma'auni, misali kashi 1 na mai cikin 32 na fetur, wato kimanin mililita 30 a kowace lita, a kuma sake duba jet ɗin kafireta, domin man da aka gauraya ya rage yawan fetur ɗin da ke wucewa. A kan Suzuki TS kuwa kuskure ne mai tsada, domin famfon yana kai mai kai tsaye ga ɗaya daga cikin boris ɗin karanshaf, kuma idan aka cire shi ba tare da wani gyara ba boris ɗin zai bushe ya ƙone. Ko kusa kuma baƙin man mota, balle wanda aka juye daga wani inji, ba ya maye gurbin 2T.

Salansa ma ana yi mata kallon bututun hayaƙi kawai, alhali a injin bugu biyu rabin inji ce. Kumburin cikinta an auna shi ne domin ya mayar da wani kaso na gaurayen mai da iska cikin silinda a daidai lokacin da ake bukata. Wanda ya yanke ta ko ya fasa cikinta domin ƙara, ƙarar kawai zai samu, ƙarfi ya ragu, maƙwabta su tsane shi. Idan ta toshe da dauɗar mai, ƙona ta ake yi a kakkaɓe. Idan ta ɓule, masu walda a Panteka suna iya yi mata faci ko su kwaikwayi ma'auninta, muddin an kai musu tsohuwar.

Na ƙarshe a wannan sahu shi ne akwatin iska. Ana cire shi a maƙala ɗan ƙaramin mataci a bakin kafireta saboda ado. A garin da hunturu ke cika da ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wannan daidai yake da zuba wa fistan yashi. Soson asali da aka wanke aka shafa masa mai shi ne kariyar injin. Ramin silinda kuwa ba ya faɗaɗuwa har abada: ana yashe shi ne mataki-mataki, yawanci milimita 0.25 zuwa 0.50 zuwa 0.75 zuwa 1.00, daga nan sai dai a sa masa sabuwar riga ko a nemi wata silindar. Masu tsallakawa zuwa mataki na ƙarshe tun a gyaran farko domin neman gudu suna cinye wa babur sauran rayuwarsa ne.

Kafin a kwance kusa ko ɗaya

Aikin yana farawa da takardu. A tabbatar lambar shasi da ta inji sun yi daidai da abin da ke cikin takardun babur, idan kuma na gado ne a samu yardar magada a rubuce. Wanda aka saya a gwanjon gwamnati a nemi rasidinsa. Duk wanda ya sauya inji ko launi ya kamata ya kai wa ofishin lasisi a gyara bayanan, in ba haka ba zai sha bayani a hannun jami'an KASTLEA ko 'yan sanda. Babur ɗin da lambarsa ta nuna alamar an goge ko an sake bugawa, komai arharsa, a bar shi.

Bayan haka a ɗauki hotuna ta kowace kusurwa, musamman hanyar da wayoyi suka bi. A duba wuyan shasi da wurin matakan ƙafa, nan ne baburan jeji ke tsagewa. Unguwannin bakin kogi, har da wasu sassan Barnawa, sun sha ambaliya a shekaru dabam-dabam, don haka babur ɗin da ya daɗe a ajiye a irin wuraren nan a ɗauka ruwa ya shiga cikinsa har sai an buɗe an ga akasin haka. Kada a yi gaggawar taka kik don a ji ko zai tashi. A cire fulogi, a ɗiga mai, a juya inji da hannu a hankali. Robobin da ke toshe gefen karanshaf suna bushewa da shekaru, kuma idan suna shan iska injin zai yi zafi ya cije ko da komai sabo ne. Canza su yana cikin aikin farko, ba na ƙarshe ba. Tsatsar tanki ana fitar da ita da ruwan binega da 'yan kusoshi a girgiza, a wanke, a busar sosai. Fenti shi ne abin da ake yi bayan komai, amma shi ne abin da yawancin masu babur ke fara biya.

Game da makaniki, a nemi dattijon da ya yi zamani da waɗannan injuna, a yi ciniki a kan aiki mataki-mataki, a kuma ce duk abin da aka cire a dawo da shi gida. Kafiretar Mikuni ko Keihin ta asali da aka ce ta mutu sau da yawa wanki da sababbin robobi kawai take bukata, kuma ta fi sabuwar jabu da za a maye gurbinta da ita.

Ina za a hau shi?

Wannan tambaya tana da nauyi a Kaduna fiye da wurare da yawa. A 2014 gwamnatin Mukhtar Ramalan Yero ta hana acaɓa a cikin birni, sannan a ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta dakatar da hawan babur, na haya da na gida, na wani lokaci a matsayin matakin tsaro, saboda yadda 'yan bindiga ke amfani da babura a dazuzzuka. Hanyoyin ƙauye da ke bayan Maraban Rido zuwa Kujama da Kajuru, waɗanda su ne irin ƙasar da aka yi baburan nan dominta, sun sha fama da matsalar tsaro, kuma baƙon mutum a kan dogon babur marar lamba yana iya jawo wa kansa zargi daga jami'ai da 'yan sa-kai. Saboda haka lamba da fitila da cikakkun takardu ba ado ba ne. Fentin kore irin na soja kuwa, wanda wasu matasa ke sha'awa a kan baburan jeji, akwai dokar tarayya tun zamanin mulkin soja da ta hana farar hula sa shi a abin hawa. Hular kwano ma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta ta tun ranar 1 ga Janairun 2009.

Amsar wannan tambaya ce kuma ke raba gardamar asali da kwaskwarima a mafi yawan lokuta. Babur ɗin da ya zo da injinsa da tankinsa da salansarsa da takardunsa, wanda za a riƙa fita da shi ranar Asabar a zaga unguwa, asalinsa ya fi masa, da ɗan gyaran wuta da sababbin tayoyi da birki. Wanda aka tsinto shasi kawai, inji ya daɗe da tafiya wurin 'yan gwangwan, babu wani asali da ya rage da za a kare. Mai shi yana iya dasa masa abin da ya samu ya kai taki gona da shi, sai dai idan ya tashi sayarwa ya faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke ƙarƙashin tankin.